Karan Auduga a Ɗakin Mai Fuka

Bana azumi ya sake faɗowa a tsakiyar bazara, irin zafin da ake watsa ruwa a tsakar gida ya bushe kafin a mayar da moɗa kan randa. Masu lissafi sun ce sai an yi shekara talatin da 'yan kai watan yake zagayowa inda ya taɓa sauka. Ni ban ƙirga ba, jikina ne ya gaya mini. Shekaranjiya ina zaune a ƙofar gida bayan azahar sai ga amalanken jaki, wanda muke ce wa karo, an labta masa karan auduga har ya fi katangarmu tsawo. Da rana tsaka, kuma mai shi har talla yake yi. Matar ɗana ta leƙo ta ce gas ya yi wuya, ko mu sayi dami biyu. Na ce ta saya in tana so, amma ta jibge shi can bayan garken awaki, kada ko sili ɗaya ya kwana inda mutum yake numfashi. Ta yi mini irin kallon da ake yi wa tsofaffi, ta koma ciki. Ba ta san a zamaninmu a kan karan nan ana iya raba mutum da gonarsa ba, ba ta kuma san ni a kansa na kusa raba mijina da ransa ba.

Ƙauyenmu na Hausawa ne a ƙasar Larabawa, yamma da garin Hasahisa. Mijina Haruna, wanda nake kira Abu Bashir da sunan ɗanmu na fari, ya gaji hawasha daga ubansa, wato gonar da hukumar noman auduga ke damƙa wa mutum ya noma bisa dokokinta. Yana da fuka tun yana yaro, ciwon da Larabawa ke ce wa azma. Na san da ita kafin in aure shi, babu wanda ya rufe ni. Fuka ba ciwon kullum ba ce, shi ya sa mutane suke raina ta. Wata uku, wata huɗu, za ka gan shi garau, yana buɗe ruwa a gona, yana ɗaga buhu, yana tsokanar yara. Sai rana ɗaya jirgin feshi ya bi ta kan ƙauye, ko wata ta cika turare a gidan suna, ka ga ƙaton mutum ya dafa bango, wuyansa ya miƙe, ƙirjinsa yana kuka kamar an rufe 'yan kyanwa a ciki. In ta sake shi sai ya share gumi ya ce ba komai, kuma ba ya son a ƙara tayar da zancen.

A shekarar da nake faɗa, azumi ya kama daidai lokacin cire kara. An gama tsinkar auduga, an rage ruwan da ke zuwa daga madatsar Makwar, magudanar da ke bayan gari ta koma 'yan kududdufai masu kore-kore. Iskar rana tana fitowa kamar daga bakin tanda. Dokar hukuma ita ce kowa ya tumɓuke karan hawasharsa har saiwa, ya share ganye da ɓawo, ya tara, ya ƙone ƙurmus kafin faɗuwar ruwa, domin tsutsar auduga da cutarta a cikin karan suke rani. Da kammasha ake tumɓukewa, wani ƙaton awartaki mai dogon hannu, mutum ya cafki gindin kara ya danne da nauyin jikinsa. Maza suna fita bayan asuba su yi har hantsi, su dawo leɓɓansu sun tsattsage, su kwanta a inuwa da jiƙaƙƙen rawani a fuska. Da la'asar a cinna wa tarin wuta. Duk inda ka waiga hayaƙi ne, har rana takan faɗi ja wur ba tare da an ga faɗuwarta ba.

Kwana uku Abu Bashir ya yi yana fita. A na huɗu ƙanensa Idi ya dawo da shi a kan jaki, yana riƙe da shi ta baya. Uwarsa, Inna Kulu, wadda muke zaune tare, ta karɓi aikin jinya kamar yadda ta saba tun yana ƙarami. A wurinmu a lokacin, abin da kowa ya sani shi ne fuka ɗiyar sanyi ce da iska, don haka mai ita ba ya kwana a waje, ba ya zama a rumfa, ba ya shan ruwan randa. Inna ta sa shi a ɗakinmu na ƙasa, ta toshe 'yar tagar da tsumma, ta rataya bargo a ƙofa. Safe da yamma ta shafa masa man riɗi a ƙirji, ta zuba bagaruwa a garwashi ta tura kaskon kusa da gado don hayaƙin ya buɗe masa ƙirji. Duk garin suna kwana a tsakar gida a ƙarƙashin taurari, shi kaɗai yana cikin wannan tukunya. Ban ga laifinta ba, ni ma da hannuna nake gyara bargon in iska ta ɗaga shi.

To, ga maganar itace. Wanda bai zauna a ƙasar auduga ba, ba zai gane ba. Fili ne shimfiɗaɗɗe, ba daji, ba kurmi, 'yan itatuwan da ke bakin ruwa na hukuma ne. Gawayin da motoci ke kawowa daga wajen Abu Hujar ya ɗauke a shekarar, sai a yi mako biyu ba a ga mota ba. Karan dawa na dabbobi ne. Kashin shanu kowa nema yake yi, har yara suna faɗa a kansa. Ɗan itacen da muka tara kuwa mun cinye shi tun cikin Sha'aban wajen gasa abre, wanda ake jiƙawa a sha a buɗa baki. Kuma azumi a nan ba a ɗaki ake shan ruwa ba. Maza suna shimfiɗa tabarmi a kan hanya, kowane gida ya fitar da tirensa, a tare duk mai wucewa a zaunar da shi ko yana so ko ba ya so. Tiren gidanka shi ne fuskarka. In ya fito babu asida mai zafi, wato tuwon nan ƙasar, babu kisra, gurasarsu mai faifai-faifai, babu dafaffen wake, ba wanda zai ce uffan, amma kowa ya gani. Maigidana ba ya iya fita, sai na ɗaura wa raina cewa tirensa sai ya fita, kuma sai ya fi na kowa cika.

Ga kuma itace can a gona, tuli-tuli, busasshe, yana jiran ashana. Kowace mace a garin ta san hanyar. Tsakar rana ake zuwa, lokacin da ko kare ba ya fita, gafir mai tsaron gonaki kuma azumi ya kwantar da shi a gindin bedi, wato dogon yaro. Sai mu bi cikin busasshiyar magudana a sunkuye, mu ɗaure dami, mu lulluɓe da tsohon zane, mu dawo ƙasa tana cin tafin ƙafarmu. Kawowa ba shi ne wuya ba, ɓoyewa ce. Gafir yana zagaya gidaje ba sanarwa, ya duba madafa, ya duba saman rumfa, ya soka sanda cikin tarin harawa. In ya samu sai a kwashe a ƙone, a kai sunan maigida wurin mufattish, babban jami'in gona. Wanda sunansa ya yawaita zuwa can, ana iya karɓe hawasharsa a ba wani.

Dabarar tawa ce, ba zan ɗora wa kowa ba. Ina tsaye da dami a ka ina rarraba ido a tsakar gida, sai na ji tarin Abu Bashir daga bayan bargo. Na ce a raina, ai babu mai mutuncin da zai shiga ya binciki ɗakin majinyaci. Na jira barcin rana ya ɗan ɗauke shi a zaune, don a kwance ba ya iyawa, na kakkarya karan na tura ƙarƙashin gadonsa, na saki shimfiɗa ta rufe har ƙasa. Na san hayaƙin gona yana cutar da shi. Amma wannan ai ba wuta a jikinsa, busasshen kara ne yana kwance shiru, haka na gaya wa kaina. Na fito ina jin kaina mai wayo.

Bayan kwana biyu gafir ya zo. Dattijo ne Balarabe, siriri, mai yawan salati. Ya duba madafa, ya duba rumfa, ya nufi ɗakin. Inna Kulu ta tare ƙofa.

"Ɗana na ciki, ba shi da lahiya," ta ce masa, rabi da Hausa rabi da Larabci. "Azma ta."

Ya tsaya ya saurara. Daga inda yake ana jin kukan ƙirjin. Ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo, ya ce Allah ya sa kaffara ne, ya juya. A ranar ya kwashe kara a gida huɗu a layinmu.

Kafin la'asar labari ya gama zagayawa. Maƙwabciyata Hajo, wadda ta girme ni kuma ita ta karɓi haihuwar Bashir, ta shigo ta zauna a bakin murhu.

"Rakiya, ashe haka kike da kai? Mu an ƙone muna namu ƙurmus, ke ko sili ba a taɓa miki ba."

"Allah ne ya rufa asiri, Yaya Hajo."

"To ki rufa muna mu ma. Dami guda ɗai, bayan ƙofa. Ciwon ɗiya mace ai na ɗiya mace na."

Ta yaya zan ce a'a? Dami ɗaya ya zama uku. Ta gaya wa ƙanwarta, ƙanwar ta gaya wa surukarta. Kafin azumi ya kai goma sha biyar, gida shida ne ke ajiya a ɗakin mijina. Ƙarƙashin gado ya cika, muka jera a jikin bango muka jingina tabarmi, muka ɗora a kan akwatin aurena muka rufe da zane. Kowace ta san nata da irin tsumman da ta ɗaure shi. Bayan azahar sai su riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya, a gaishe da mai jiki, a durƙusa a zaro na girkin ranar, a ɓoye cikin mayafi a fita. Gafir ya sake zuwa sau biyu, kuma duk zuwan a bakin ƙofa yake tsayawa ya yi addu'arsa. Tiren layinmu a azumin nan babu irinsa a garin. Har daga wata unguwa ake zuwa shan ruwa a tabarmarmu.

Shi kuwa mai ɗakin kullum baya yake yi. Da can in fukar ta kama shi, kwana uku huɗu ta sake shi. Wannan karon ta zauna. Ba ya barcin kirki, sai gyangyaɗi a jingine da matasai. Fatiha da yake karantawa da numfashi biyu ta koma kowace aya sai ya tsaya. Sallah a zaune, alwala sai an kawo masa buta. Abinci in ya ci loma uku sai ya ture, ya ce ciki in ya cika yana danne masa ƙirji. Bashir yana ɗan shekara huɗu, ya saba hawa wuyansa, sai ya zama ana kore shi daga ƙofa. Amma na lura abin da ya fi cin sa shi ne lokacin shan ruwa. Tabarmar maza tana bayan bangon ɗakin. Yana jin ana kiran sallah, ana dariya, ana gardamar wanda ya fi tumɓuke kara, ana yabon miyar gidan wane. Idi da abokansa suka yi masa gayya suka cire karan hawasharsa. Da aka zo aka gaya masa, ya yi godiya, sannan ya juya fuska bango. Na ce ko a nemo masa abin fesawa a baki da ake cewa ana samu a Hasahisa. Inna ta ce sam, wanda ya fara bakhakh ba ya rabuwa da shi har kabari. Yau jikata tana yawo da nata a jakar makaranta, ta fesa ta koma tsalle, babu mai ko waiwayawa.

Azumi kuma bai sha ko ɗaya ba. Limamin garin da kansa ya leƙo ya ce masa Allah ya yi wa majinyaci rangwame. Ya ce ya ji. Washegari ya sake tashi da shi.

Ranar ashirin da biyu ga wata, bayan azahar, mata uku suka shigo a tare. Damin ƙanwar Hajo yana can ƙasa, sai da suka ɗaga na sama duka suka jijjige kafin ya fito. Suna fita na shiga da man riɗi, na tarar da shi ya dafa gwiwoyi, kafaɗunsa suna hawa suna sauka. Abin da ya tsorata ni shi ne kukan ƙirjin ya yi ƙasa, kusan babu. Na kira shi, ya dube ni, bakinsa yana motsi ba magana. Leɓɓansa sun yi duhu. Inna ta ruga za ta ƙara bagaruwa a wuta, ni kuwa na fita ba mayafi na kira Idi. Muka ɗora shi a karo, na zauna a bayansa na tallafe shi, Idi yana dukan jakin da bai yi laifin komai ba. Tafiyar da ake yi cikin sa'a guda zuwa shafakhana, ƙaramin asibitin da ke babban ƙauye, ban san yadda muka yi ta ba. Abin da na riƙe kawai shi ne ina ƙirga numfashinsa a tafin hannuna, ina tsoron wanda ba zai zo ba.

Hakim, ma'aikacin da ke kula da wurin, bai tambaye shi ra'ayinsa a kan azumi ba. Ya yi masa allura a jijiya a hankali, ya zauna kusa da shi yana kallon agogo. Can sai kukan ƙirjin ya dawo, daga baya ya fara sassautawa. Ya sa aka kwantar da shi a baranda, inda iska ke kaɗawa ta ko'ina. Na ce masa iska za ta cutar da shi. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Wa ya ce? Ɗakin da yake kwana, me ke ciki? Kaji? Buhunan hatsi? Auduga? Kuna turara masa wani abu?"

"Bagaruwa kawai," na ce. "Ba komai a ɗakin sai gado da akwati."

Ƙarya na yi ina azumi, ido cikin ido. Ina tsoron magana ta bi iska ta kai kunnen mufattish. Abu Bashir yana jina, idonsa a rufe. Hakim ya ce a daina turaren, a buɗe taga.

Kwana biyu muka yi a barandar nan. A rana ta biyu ya ci kisra da miya har ya nemi ƙari, ya yi sallar azahar a tsaye, ya tsokani wani tsoho da ke jinyar ƙafa. Muka dawo gida da hantsi ina murna. Na cire tsumman taga duk da Inna tana ƙunƙuni, na zaunar da shi a gadonsa, na tafi hura wuta. Ban gama dama ƙullu ba na ji tarin. Na koma na tsaya a tsakar ɗakin. Tagar da na buɗe ta jefo hasken rana a kan gado, karo na farko cikin mako uku, sai na ga abin da duhu ya ɓoye mini. Iskar ɗakin cike take da ƙura da gashin auduga, suna yawo a cikin hasken, suna sauka a kan matashinsa. Na durƙusa na ɗaga shimfiɗa, na shafa ƙasa, hannuna ya fito da garin busasshen ganye da farin ƙura mai warin maganin feshi. Ni mai lafiya sai da na yi atishawa uku. A nan na gane garin neman gira na kusa rasa ido, kuma kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Na kira Idi muka fito da shi da gadon Inna zuwa gindin bedin da ke ƙofar gida. Na koma na fara jido. Inna ta riƙe mini hannu.

"Ke, mi kike yi? Rana tsaka? Gafir na gari."

"Inna, shi ne ke kashe shi."

"Kara? Tun kakanninmu munka san sanyi ka kawo huka. Ki bari har duhu shi yi, a raba ma kowa nashi."

"Ba zai ƙara wuni a ɗakin nan ba."

"Hawashar ubanshi fa? In anka karɓe ta, mi za ku ci?"

Na zare hannuna. Na ci gaba da jido. Babu inda zan kai shi a tsakar gida da ba za a gani ba, kuma na riga na ƙi jinin ganinsa, sai na riƙa zubarwa a kan hanya, nesa da inda yake kwance. Mata suka fito. Hajo ta zo tana magana ƙasa-ƙasa, ta ce in rufa musu asiri, in tuna zaman tare. Wasu suka so su ja nasu su gudu, amma yara sun riga sun taru, kuma ga gafir can yana tahowa da sandarsa. Nan da nan kowace ta manta da irin tsumman da ta ɗaura. Suka koma ƙofofinsu suna kallo.

Gafir ya zagaya tarin, wanda ya kai ƙirjinsa. Ya dubi ɗakin, ya dubi Abu Bashir a gindin bedi, ya dube ni.

"Duk wannan na gida ɗaya ne?"

"Nawa ne."

"Da tsumma kala shida."

Ya daɗe yana shafa gemu.

"Sau uku ina tsayawa a ƙofar nan ina roƙa masa sauƙi," ya ce. "Ashe ni da ke muna ja ne, ni ina roƙo kina ƙara dami."

Ya sa aka kawo karo biyu aka kwashe, aka kai can ƙarshen gonaki inda iska ba ta biyowa gari, aka ƙone. Sunan maigidana ya je wurin mufattish, wannan ba makawa. Aka kira Idi aka yi masa kashedi mai zafi, aka ce in an sake, hawasha ta tafi. Ba a karɓe ta ba. Na share ɗakin, na yayyafa ruwa, na sake sharewa, na fitar da tabarmi da matasai na bubbuge su a rana. Duk da haka ban bar shi ya koma ciki ba. Na kafa masa gado a rumfa, Inna tana cewa in sanyi ya kashe mata ɗa ta san wanda za ta kama.

Makon ƙarshe na azumin nan ya yi tsawo. Gida shida babu makamashi a jajibirin Sallah, kuma kowa ya san dalili. Tiren layinmu ya koma abre da dabino da ɗan abin da aka iya dafawa da kashin shanu, mai ɗaukar rabin wuni yana hayaƙi. Baƙin da ke zuwa daga wata unguwa suka daina. Ba a toya cincin Sallah ba a gida ko ɗaya, yara suna ta ƙorafi. Mata suka daina shigowa gidana. In mun haɗu a wurin ɗibar ruwa sai a amsa gaisuwata da baki ɗaya a juya. Hajo ta aiko a karɓo mata turminta da ya shekara biyu a wurina. Abin ya yi mini zafi, ba zan ɓoye ba, domin ni a ganina ɗakina na ba su kyauta har na kusa ba da mai ɗakin. Amma a rumfa numfashi yana dawowa. Ba warkewa ya yi ba, fuka ta bi shi har ƙarshen ransa. Sai dai ya fara barci a kwance. Ana saura kwana biyu Sallah ya dafa kafaɗar Idi ya fita tabarmar maza, ya sha ruwa da su a kan tiren da babu komai a kai, na ji muryarsa ta bayan katanga yana gardama.

Ranar Sallah, bayan an sauko daga idi, al'adarmu ce kowa ya bi na gaba da shi ya nemi afuwa. Na fara da Inna, ta yafe mini a gajarce. Na same shi a rumfa shi kaɗai, da farar jallabiya, ya rame har wuyan rigar ya yi masa yawa. Na durƙusa. Na riga na shirya maganata tun jiya.

"Abu Bashir, ka yafe mini don Allah da Annabi. Ni na sa karan nan a ƙarƙashinka kana barci. Wallahi ban san shi ne ke shaƙe ka ba."

"Na yahe, Rakiya. Ai ni na sani."

Na ɗaga kai.

"Ka san yana ɗakin, ai dole, kana ganin masu ɗiba. Ina nufin ban san shi ne ciwon ba."

"Shi nike nuhi. Tun ranar da kinka sa shi ƙirjina ya gaya mini. Cikin auduga anka haihe ni, ina zan kasa sanin abin da ƙurarta ka yi mini?"

"Ka sani, ka yi shiru? Mako uku? Har gaban hakim?"

Ya murza carbinsa.

"Maza na gona suna cire kara, har nawa wasu sunka cire. Ni ko buta sai an miƙo mini. Sai ga shi gida shida na cin abinci mai zahi saboda ina kwance a wurin. In gafir ya zaka, tarina ka kore shi." Ya yi ɗan murmushi. "Shi ɗai na aikin da ni iya yi ma gidan ga a azumin ga. Ban so a karɓe mini shi ba."

Na zo neman gafara, sai na tashi da fushin da ban san inda zan ajiye shi ba. Na so in ce masa da ya mutu a kan karon nan, da wa zai gaya mini wannan, da haka zan zauna har abada ina cewa ni na kashe shi. Ya miƙo hannu, ya ce to ni ma in yafe masa, tunda ranar ce. Duk garin a ranar babu wanda ya nemi afuwata na hana, har Hajo da ta shigo da yamma ta dawo da turmin. Shi kaɗai na ce wa sai na yi tunani, na tashi na je na hura masa kashin shanu a can bayan gida, inda hayaƙin ba zai iso rumfa ba, na dafa masa shayi.